Ƙasa Tana Tuƙa

Rijiyar da Delbert ya haƙa
shekarar da muka yi aure,
nan kudu da Gillette, inda Wyoming ta miƙe ba inuwa,
tun ranar farko take gyatsa.
In na buɗe famfo zan cika buta,
sai ruwa ya yi tari, ya fito fari kamar nono.
In na ajiye kofi, kumfa ta riƙa hawa
ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa.

Delbert, da ransa, yakan ƙyasta ashana a bakin tiyo
don ya razana baƙi.
Shuɗiyar wuta ta lashi iska, ta ɓace.
Ya ce numfashin matattun dazuzzuka ne.
Shekara arba'in da ɗaya ban musa ba,
mutum ne da ba ya son gardama kafin ya karya.

Bara jikata Marnie ta zo daga Laramie
da kwalabe masu murfin roba.
Ta durƙusa bakin rijiya, sanyi ya jajanta mata yatsu,
tana ɗiban ruwa kamar mai satar ƙwai.
Ta ce, Kaka, kar iska ta taɓa su,
abin da muke shaƙa guba ne gare su.
Na ce, su wa?

Ta ce, akwai masu rai a can,
ƙafa ɗari bakwai ƙarƙashin takalminki,
cikin tsagogin kwal, cikin ruwa,
inda rana ba ta taɓa aika saƙo ba.
Dubbansu za su zauna kan tsinin allura
ba wanda ya ce wa wani matsa.
Waɗansu na gaigayar kwal.
Abin da suka zubar, na bayansu su lashe.
Na ƙarshen layi, masu cin ragowar ragowa,
su ke fitar da gas.
Ruwa ya danne shi, ya manne jikin kwal,
ba ya samun ƙofa sai an zuƙe ruwan.

Wannan kam ba sai an karanta min ba.
Na ga zuwan kamfani da manyan motoci,
na ga injin yana amai dare da rana,
na ga fadamar arewa ta yi fari fat kamar an barbaɗa kanwa,
ciyawa ta ƙone a tsaye.
Takardar kuɗi ta zo shekara tara,
ta biya rufin gida, ta biya asibitin Delbert.
Da farashi ya faɗi suka nade tabarma,
suka bar min bututu huɗu
da shanu ke sosa wuya a jikinsu.

Na ce, to su waɗannan ma'aikata, wa ya biya su?
Marnie ta yi dariya har hularta ta zame.
Ta nuna Jar Kunne, tsohuwar saniyata,
tana kwance jikin shinge, ido a lumshe.
Ta ce, danginsu na cikin tumbinta,
aiki ɗaya suke yi, tata ciyawar ce kawai ɗanya.

Na daɗe ban ce komai ba.
Shekara sittin ina kiwo a bayan wata babbar saniya,
baƙar ciyawa a cikinta tun kafin a yi mutum,
tana tuƙa, ni ina ta kiranta gona.

Yanzu Marnie na son ta zuba musu abinci,
ta ga ko za su ƙara himma.
Ban ce e ba, ban ce a'a ba.
Mai kiwo ya san abin da ƙoshi ke yi wa dabba.

Da asuba, dusar ƙanƙara ta rufe bututun nan huɗu.
Na kunna murhu, shuɗin harshe ya tashi.
Delbert, ba matattu ba ne.
Na zuba ruwa a kofi, na bar shayin ya jira,
ina ƙirga kumfa.